Haƙori ɗaya da ya ɓata hanya

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Abban yara ne ya ce duk abin da za a kashe a kan bakin yaron nan in riƙa rubutawa. Ni kuma na ga gara in haɗa har da abin da likita zai faɗa, don kada mu dawo gida in ce kaza aka ce, shi ya ce ba haka ba. Ɗan fari ne, ba na kama sunansa, don haka a nan ma Yaron zai ci gaba da zama. Shekararsa takwas da wata uku.

Haƙori ɗaya ne ya hana ni sukuni, na gaba na sama, ɓangaren hagu. Ɗan'uwansa na dama ya yi famfara tun bara, sabo ya fito a mazauninsa. Na hagun kuwa haƙorin nonon ya ƙi faɗuwa. Shi ne wanda ya buga a dakalin ƙofar gida yana ɗan shekara uku, ya yi duhu kamar an shafa masa toka, muka bar shi tunda ba ya ciwo. Wata biyu da suka wuce na ga sabon ya ɓullo ta bayansa, ta wajen ganɗa. Yanzu in ya haɗe baki, sabon haƙorin bayan na ƙasa yake faɗawa, maimakon ya rufe su ta gaba kamar ɗan'uwansa.

Hajiya, kakarsu ta wajen uba, ta ce a ƙyale shi. "Tara na haifa, duk sun yi famfara, ba wanda aka kai wa likita. Harshe ne zai turo shi." Da na yarda da ita, sai dai jiya ina duba masa baki na ga haƙorin ƙasa da suke karo ya fi 'yan'uwansa tsawo, dasashinsa ya ja baya. Talata za mu je.

Talata, 14 ga Janairu

Mun fita bakwai da rabi cikin hazo, ba mu ga likita ba sai sha ɗaya saura. Wanda ya fara duba shi ya tura mu wajen wata likita da aikinta ke nan, daidaita jerin haƙora. Mace ce mai magana a hankali, kuma da Yaron ta fara gaisawa kafin ni.

Ta sa shi ya ciza, ya saki, ya sake cizawa. Ta kama haɓarsa ta mayar da ita baya a hankali har haƙoran gaba suka haɗu baki da baki. Sannan ta tambaye ni ko a dangi akwai mai haɓa a gaba, wanda haƙoransa na ƙasa suka sha gaban na sama gaba ɗaya. Na ce ban sani ba a wajenmu, kuma Abbansa ba haka yake ba. Ta ce dalilin tambayar shi ne a rarrabe tsakanin haƙori ɗaya da ya kauce da muƙamuƙin da ƙirarsa ce haka, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Na Yaron haƙori ne kawai.

Aka tura mu hoto, irin wanda injin ke zagaye kai ya ɗauko baki gaba ɗaya. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ga haƙoran da ke waje, ga wasu jere a cikin ƙashi suna jiran lokacinsu, fiƙoƙin sama can kusa da hanci. Ta ce tana neman ko akwai haƙorin ƙari da ya tsaya a tsakiya ya karkatar da sabon, don hakan na faruwa. Babu, alhamdu lillahi. Tsohon haƙorin nan da ya mutu ne saiwarsa ba ta narke yadda ya kamata ba, sabon ya rasa hanya ya bi ta baya.

Na yi mata tambayar da ta kawo ni: shin bai yi ƙanƙanta ba? Ni duk waɗanda na sani da waya a baki 'yan sakandare ne. Ga abin da ta ce, gwargwadon yadda na riƙe. Haƙoran nono ashirin ne, na dindindin talatin da biyu. Wajen shekara shida turamen farko na dindindin suke fitowa a can ƙurya, bayan na nono, ba tare da wani ya faɗi ba, shi ya sa iyaye da yawa suke ɗauka na nono ne su bar su su ruɓe. Daga shida zuwa takwas na gaba suke sauyawa. To da zarar waɗannan sun fito, likita na iya ganin inda baki ya dosa. Shi ya sa ƙungiyar likitocin daidaita haƙora ta Amurka ta ce a kai yaro a duba shi kafin ya wuce shekara bakwai. Amma ta ɗaga yatsa ta ce, "Hajiya, dubawa aka ce, ba ɗaurawa ba." Yawancin yaran da take gani a wannan shekarun sallamarsu take yi, ta ce su dawo bayan shekara. Ɗaurin waya na baki gaba ɗaya sai haƙoran nono sun ƙare, wajen sha biyu zuwa sha uku, kuma a Ingila ma galibi a lokacin ake farawa.

Akwai dai 'yan abubuwan da ba sa jira, na Yaron kuma yana cikinsu. Duk cizon da zai yi, haƙorin sama yana tura na ƙasa waje, dasashi na ja da baya, bakin haƙoran na cinyewa. Harshen da Hajiya ke magana a kai ba zai iya ba, domin haƙorin ya riga ya shiga bayan na ƙasa, sun kulle shi.

Ta kuma gano kogo a turmin nono na ƙasa. Ta ce ba ta sa komai a bakin da ke da ruɓa.

Kati da ganin likita N7,000. Hoto N15,000. Adaidaita sahu zuwa da dawowa N3,000. Jimla N25,000.

Talata, 21 ga Janairu

An cire mataccen haƙorin, an cike kogon. Allurar ce kawai ta sa shi hawaye, cirewar ko minti biyu ba ta kai ba. Na tambaya me ya sa ba za a cire mai kogon ba shi ma, tunda na nono ne, faɗuwa zai yi. Likitan da ya yi cikon ya ce wannan turmin sai wajen shekara goma zuwa sha biyu yake faɗuwa, kuma shi ke riƙe wa na ƙarƙashinsa wuri. In aka cire shi yanzu, na bayansa zai matso ya cinye filin, sai an sa wani ɗan ƙarfe ya tsare gurbin. Wato cirewar da nake ganin ita ce mai sauƙi, ita za ta fi tsada.

Da muka dawo Hajiya ta ce, "Zo nan maigidana, in ga abin da suka yi maka. To rufe bakin, kada ƙadangare ya ga giɓin." Ya ce mata ai sabon ya riga ya fito, ƙadangare ya makara.

Cirewa N8,000, ciko N15,000, mota N3,000. Jimla zuwa yau N51,000.

Talata, 28 ga Janairu

Wurin ya warke. Haƙorin bai motsa ba ko kaɗan. Na ɗan sa rai.

Talata, 4 ga Fabrairu

Ranar gwajin baki. Sun kwaɓa wani gari ruwan hoda, suka cika wani abu mai kama da cokali, suka danna masa a haƙoran sama. Ya yi yunƙurin amai sau biyu, na farkon ya lalace. Nas ɗin ta ce ya sunkuyar da kai, ya ja numfashi ta hanci, ya ɗaga ƙafa ɗaya sama yana ƙirgawa a zuci. Dabarar ƙafar ce ta yi aiki. Da wannan za su zuba filasta su fitar da siffar bakinsa, a kanta za a ƙera robar da zai riƙa sawa a baki don ta turo haƙorin gaba.

Yau na yi wayo, na tafi da Auta da kuma 'yar yayata mai shekara tara, na roƙi Likita ta leƙa musu. Ta yi dariya ta ce kuɗin mutum ɗaya, baki uku.

'Yar yayata haƙoranta biyu na gaba sun fito manya, sun buɗe, kowanne ya kalli gefensa. Yaya ta kasa barci a kai, har wata a gidan biki ta ba ta shawarar a ɗaure su da ƙaramin kyauro su haɗe. Likita ta canza fuska da jin haka. Ta ce kada a kuskura: kyauron yana silalewa ya shige ƙarƙashin dasashi, ya bi saiwa yana cin ƙashi, har haƙoran su zube. Game da buɗewar kuwa ta ce a bar ta. A wannan shekarun fiƙoƙin da ke cikin ƙashi suna danna saiwar na gaba, shi ya sa kawunan suke bajewa. In fiƙoƙin suka sauko, wajen sha ɗaya zuwa sha biyu, yawanci giɓin da kansa yake rufewa. Na ce in ma bai rufe duka ba, ai wushirya ce, wasu nema suke yi. Ta ce ita ma ba ta rufe wa kowa wushirya sai wanda ya ce ba ya so.

Auta ce ta ba ni kunya. Shekararta biyar, har yanzu babban yatsa na baki, dare da rana. Likita ta sa ta ciza, sai ga wata 'yar taga tsakanin haƙoran sama da na ƙasa, daidai girman yatsan. Ni da nake goge mata baki kullum ban taɓa lura ba. Ta ce tsotso yana turo na sama waje, ya hana na gaba haɗuwa, in ya daɗe kuma ya matse ganɗa. Amma in ta daina kafin na dindindin su fito, akasari bakin yana gyara kansa ba tare da an sa komai ba. Muna da kamar shekara ɗaya.

To ga yara uku: ɗaya a yi masa yanzu, ɗaya a bar ta, ɗaya kuma aikin nawa ne ba na likita ba.

Robar N90,000 ce, na ba da rabi. Da mota, jimla N99,000. Abban yara ya daɗe yana kallon rasit ɗin bai ce komai ba.

Talata, 18 ga Fabrairu

Mun karɓo. 'Yar roba ce shuɗiya (shi ya zaɓi kalar) da ke manne wa ganɗa. Tana da maƙalai na waya da ke kama turame, sai wata siririyar waya mai lanƙwasa biyu da ke zaune daidai bayan haƙorin, ita ce mai turawa. Robar ta kuma hau kan turamen ta yi kauri, yadda in ya ciza haƙoran gaba ba sa haɗuwa. Likita ta ce da gangan aka yi haka, a buɗe ƙofa don haƙorin ya sami hanyar tsallakewa.

Dokokin da ta ba mu: dare da rana, har da cin abinci in zai iya. A cire wajen goge baki da wajen ƙwallo. In an cire, cikin akwatinta, ba aljihu ba, ba tishu ba. A wanke da buroshi da ruwan sanyi. Ban da cingam da alewa mai danƙo. Ta sa shi ya saka ya cire sau biyar a gaban madubi, da yatsa a kan maƙalan baya, ba a kan siririyar wayar ba. Ta ce in ya riƙe amana, wata uku zuwa shida.

A wajen jira na zauna kusa da wata mata daga Haɗeja, 'yarta na da wani ƙarfe manne a ganɗa mai ɗan rami a tsakiya. Ta nuna mini ɗan mabuɗin da take juya shi da shi kullum. Kowane juyi kamar kwatan milimita ne. Ganɗar yarinyar ce ta matse, kuma an gaya mata ƙashin ganɗa biyu ne da ba su gama haɗewa ba a yarinta, shi ya sa ake iya buɗa shi yanzu cikin sauƙi, in an girma kuwa abin ya yi wuya. Ta ce sati biyu da farawa wushirya ta fito wa yarinyar, kakarta har da guɗa, ba ta san rufewa za ta yi ba. Na gode wa Allah namu ba mai mabuɗi ba ne.

Cikon kuɗi N45,000, mota N3,000. Jimla N147,000.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Yawu kamar an buɗe famfo. Magana kamar mai dankali a baki. Tuwo ya gagara, kunu ya sha da daddare. Ya ce haƙorin na masa tsami, na ba shi farasitamol.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Yawun ya ragu. Ya ci shinkafa da robar a baki. Auta kuma na rataya mata kalanda, duk ranar da ta wuni ba tsotso sai mu manna tauraro. Biyu ta samu cikin huɗu. Hajiya na son a shafa mata ruwan darbejiya a yatsan, na ce a ba ni wata ɗaya tukuna.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Yau na kama shi. Ina wanke kayan Islamiyya na ji abu a aljihun wando, sai ga roba, da ɓawon gyaɗa manne a jikinta. Ashe tun ranar Asabar yake cirewa da zarar ya fita. Da na matsa masa sai ya fashe da kuka, ya ce in ya zo biya hadda sin da sad da sa duk ɗaya suke fita, malam na ta mayar da shi, yara na dariya.

Raina ya ɓaci, amma ba da shi ba. Ni ce ban yi tunanin wannan ba, na kai wa malamar boko bayani na manta da Islamiyya. Abbansa ya je ya sami malam bayan la'asar. Malam ya ce shi bai san da wani abu a bakin yaron ba, ya ɗauka wasa ne ya shige shi. Suka daidaita: in an zo kansa ya cire ya sa a akwati, ya biya, ya mayar nan take. Minti goma ke nan maimakon awa uku. A gida kuma na sa shi karanta littafin Hausa da ƙarfi kullum bayan magariba da robar a baki, don harshe ya saba.

Lahadi, 2 ga Maris

Azumi na biyu. Ya dage sai ya yi, muka bar shi zuwa azahar. Sahur da buɗa-baki sun ƙara mana lokutan wanke roba. Dabino yana maƙalewa a wayar.

Talata, 11 ga Maris

Komawa ta farko. Likita ta karɓi robar ta jujjuya, ta dube shi ta ce, "Malam, akwai kwanakin da ba ka sa ba ko?" Ya sunkuyar da kai. Ta ce ba duba take yi ba: yaron da ke sawa kullum maganarsa na washewa, yana saka ta ba tare da madubi ba, kuma ana ganin shatarta a ganɗa. Duk da haka haƙorin ya ɗan taso. Ta ɗauki wani ɗan filaya ta buɗa siririyar wayar kaɗan. Na ce ta ƙara mana da yawa mana mu gama da wuri. Ta ce haƙori ba ƙusa ba ne. Ƙashin da ke gabansa ne ke narkewa a hankali, wani na ginuwa a bayansa, kuma in aka matsa da ƙarfi tafiyar tsayawa take yi, saiwa ta sha wuya. Kamar milimita ɗaya a wata ake nema.

Na ga ta rubuta wani abu a kati mai lamba ɗaya, na tambaya. Ta ce rabe-raben cizo ne gida uku, wanda wani likitan Amurka, Edward Angle, ya tsara tun 1899, har yau da shi ake aiki. Na ɗaya turame na zaune daidai, na biyu na sama sun yi gaba, na uku na ƙasa ne suka yi gaba. Yaron na gidan farko.

N8,000 har da mota. Jimla N155,000.

Laraba, 19 ga Maris

Inna lillahi. Robar ta tashi aiki.

Yadda abin ya faru: bayan sahur ya cire zai goge baki, ya ajiye ta a bakin randa maimakon akwati, ta faɗo ƙasa kusa da makwarara. Hajiya ta gani. Ita a duniya ba abin da ta tsana kamar ƙazanta, kuma a saninta abin da ya faɗi a irin wannan wuri ba ya komawa baki sai an kashe ƙwayoyin cuta. Ta sa a kofi, ta tuttula mata tafasasshen ruwan fulas, ta rufe da faranti, ta tafi salla. Ina fitowa ta ce mini, "Na gyara wa maigidana abin bakinsa."

Da na ɗaga farantin, robar ta lanƙwashe kamar ɓawon ƙwai da aka taka gefensa, gefe ɗaya ya ɗaga, maƙalin hagu ya kalli sama. Muka gwada, ko kusa ba ta zauna ba. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Dubu casa'in, ana saura kwana goma sha ɗaya salla, ɗinkin yara ma ba mu gama biya ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ni da wanda zan ɗora wa. An gaya mini ruwan sanyi, na gaya wa Yaron, na gaya wa Abbansa, ban gaya wa Hajiya ba don ina ganin ba ruwanta da abin da tun farko ba ta so. Ita kuwa da ta fahimci abin da ya faru, ba ta ce uffan ba har azahar. Can sai ga ta da ƙullin ɗankwali, ta ajiye mini N20,000, kuɗin adashinta. Na ce, "Haba Hajiya, wallahi ba za a yi haka ba." Ta ce, "Ke dai karɓi. Ni na ɓata, kuma na ga haƙorin ya fara tasowa." Wannan ce rana ta farko da ta yarda abin na aiki.

Na kira asibiti, suka ce kada a gwada miƙar da ita, mu zo Talata.

Talata, 25 ga Maris

Ba ta gyaruwa. Sabon gwaji, sabuwar roba. An rage mana zuwa N60,000. Wannan karon bai yi yunƙurin amai ba, da kansa ya ɗaga ƙafa. Mai haɗawar zai tafi hutun salla, sai 8 ga Afrilu. Kusan sati uku ke nan ba komai a baki, kuma Likita ta ce in sa a raina haƙorin zai koma baya, don bai riga ya tsallake ba.

Jimla N218,000, da na Hajiya a ciki.

Lahadi, 30 ga Maris

Salla. Shi dai ta yi masa daɗi, ya ci cincin da nama ba mai ce masa cire ko mayar. Auta ta yi kwana tara a jere ba tsotso da rana. Dare ne ya rage. Na fara sa mata safa a hannu in za ta kwanta, da yardarta, mun ce safar ce mai gadin yatsa.

Talata, 8 ga Afrilu

Sabuwar roba, ja wannan karon. Haƙorin ya koma kusan inda muka fara. Wata ɗaya da rabi ya tafi a banza.

Na tara gidan gaba ɗaya, har da yarinyar da ke taya ni aiki da almajirin da ke mana ɗiban ruwa, na nuna wa kowa robar da akwatinta. Na sayi akwati na biyu na ɗaure a jakar makaranta da zare. Mota N3,000, jimla N221,000. Akwatin N1,500 ne, daga kuɗin cefane, ban sa a lissafi ba.

Talata, 15 ga Afrilu

Ba labari. Zafi ya yi yawa, yana yawan cirewa ya sha ruwa, na ce ba sai ya cire ba.

Talata, 29 ga Afrilu

Likita ta yaba masa. Haƙorin ya dawo inda yake kafin ruwan zafi, har ya ɗan wuce. An ƙara buɗa wayar.

Na yi mata maganar ɗan maƙwabciyarmu mai shekara takwas da haƙoransa na sama suka yi waje sosai har leɓe ba ya rufe su, don uwar ta roƙe ni in tambaya. Ta ce wannan shi ne inda likitoci suka daɗe suna muhawara. Binciken da aka yi ya nuna ko an fara da wuri an yi aikin zango biyu, ko an jira an yi shi sau ɗaya wajen sha biyu, ƙarshen kusan ɗaya ne. Ribar farawa da wuri ita ce raguwar karyewar haƙoran in yaro ya faɗi, sai kuma in tsokana ta dame shi a makaranta. Don haka sai ta ga yaron, ta ji irin wasansa da yadda abin ke damunsa. Na ji daɗin wannan amsar fiye da a ce ta ce a kawo shi gobe a ɗaura. Mai neman kuɗi ba haka zai ce ba.

Jimla N229,000.

Juma'a, 9 ga Mayu

Wani turmin nono na sama ya fara girgiɗi, robar ta ɗan yi sako-sako a dama. Na kira, aka ce in dai tana zama ya ci gaba da sawa har ranar komawa.

Asabar, 17 ga Mayu

Da safe ya zo kicin da gudu, robar a hannu. "Umma, duba!" Ya ciza. Haƙorin ya sauka a gaban na ƙasa. Da ƙyar, bakinsa kawai ya leƙo, amma a gaba yake. Na sa shi ya ciza ya fi sau goma. Ya ruga ɗakin Hajiya, ina jin ta tana cewa, "To, yanzu ka yi kyan da zan ci gaba da zama da kai."

Talata, 20 ga Mayu

Likita ta tabbatar. Ta kankare kaurin da ke kan turame, ta rage shi sosai don baki ya fara haɗuwa, ta matse maƙalin dama. Ta ce a ƙara sati uku, a tura shi kaɗan ya zauna sosai. Abin da na fi so in ji shi ne wannan: irin wannan gyaran, in haƙorin sama ya rufe na ƙasa yadda ya kamata, cizon da kansa ke riƙe shi. Na ƙasan da suka kulle shi a baya, su ne yanzu za su hana shi komawa.

Jimla N237,000.

Juma'a, 6 ga Yuni

Babbar salla. Na ƙyale shi ya cire wajen cin nama, akwatin na hannuna.

Talata, 10 ga Yuni

An daina turawa. Daga yau da daddare kawai zai riƙa sawa, na wata uku. Dasashin haƙorin ƙasa bai koma daidai da na 'yan'uwansa ba, amma ya daina ja, haƙorin kuma ya daina motsi. Ta ce a riƙa goge wurin a hankali da buroshi mai laushi.

Na tambaye ta ko shi ke nan mun rabu da waya har abada. Ta ce ba ta yi mini wannan alkawarin ba. Ta buɗe hoton Janairu ta nuna mini fiƙoƙin sama, ta ce filin da ke jiransu ya ɗan yi kaɗan, mai yiwuwa ya buƙaci ɗauri in ya kai sha biyu ko sha uku, mai yiwuwa kuma a'a. Abin da aka yi yanzu an ceci haƙorin ƙasa ne, an kuma buɗe cizo. Daga shekara goma za ta riƙa taɓa dasashi ta sama tana neman tudun fiƙoƙin, in ba ta ji su ba a sake hoto.

Auta ta leƙa mata ita ma. Tagar ta ragu, ba ta rufe ba. Safa har yanzu, kuma ranar da ta yi zazzaɓi a watan jiya yatsan ya koma baki kwana uku. Haƙorinta na ƙasa ɗaya ya fara girgiɗi, wato lokacin da aka ba mu ya fara ƙurewa.

Jimla zuwa yau N245,000. Da ba don ruwan fulas ba da N179,000 ne.

Abin da ke gaba: komawa 9 ga Satumba, da Yaron da Auta. 'Yar yayata sai Fabrairu. In tuna in tambaya ko za a shafe wa Yaron ramukan turamensa na dindindin da abin nan mai hana ruɓa, da nawa ne. Abban yara ya ce a fara ajiye dubu biyar duk wata saboda fiƙoƙi, na ce goma. Kuɗin Hajiya kuma na mayar mata sau biyu tana dawo da shi, sai dai in saya mata atamfa.